Zare a Wuyan Giwa

Shekara talatin da ɗaya ina niƙa wa mijina launi, ban taɓa riƙe burushi ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba. Shi da zane, ni da dutsen niƙa. Mutanen Zongo suna kiransa Muhuyi Mai Namun Daji. Ni Malam nake ce masa, yau ma na ambaci sunan ne don kada wani ya ce bai san wanda aka zalunta ba. Ni ce Tabawa, mai goro a kasuwar Dantokpa. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma na san abin da yake nawa.

Malam haifaffen Karimama ne, can arewa a bakin kogin Kwara. Ubansa maharbi ne. Tun yana ƙarami yake bin uban cikin dawa yana riƙe masa kwari, sai dai bai taɓa harbin ko zomo ba. In sun ga gwanki, uban na lalubar kibiya, shi yana can ya saki baki yana kallon yadda kunnen dabbar ke motsi. Uban ya gaji, ya ce wannan ba maharbi ba ne, ɗan kallo ne. Da ya sauko Kwatano sai ya kama zanen bayan kamiyo, manyan motocin kaya, a tasha: zaki, damisa, gauraka ta buɗe fukafukai. Direbobin Parakou da na Gaya har layi suke yi. Wannan aikin neman tuwo ne, da fentin gwangwani yake yinsa, yana yi yana hira.

Allon gida kuwa daban ne. Katako ne mai tsawon ƙofa biyu, wani kafinta a Akpakpa ya haɗa masa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kansa, fentin gwangwani bai taɓa shi ba. Jar ƙasa direbobi ke kawo masa daga Kandi, sai shuni, da gawayi, da gangamau, da farar ƙasa, ni in niƙa har sai an murza a yatsa ba a ji tsaki ba, shi ya kwaɓa da ƙaro. Duk dajin yarintarsa yana kan allon nan. Giwa a tsakiya, ɓauna ta sunkuya tana shan ruwa, dorina mai yagaggen kunne, don wadda ya gani yana ɗan shekara goma haka kunnenta yake. Wata uku ya yi yana zuwa bakin ruwa bayan kasuwa saboda ƙafar zalɓe ɗaya. Na ce masa, “Malam, ƙafa ce fa.” Ya ce, “Je ki tsaya a kan ɗaya ki ji ko ƙafa ce kawai.”

Akwai wani abu da ba ya barin dabba sai ya yi mata. Tun kafin ya aure ni, wani malami a Kandi ya tarar da shi yana zana zaki, ya ce masa ranar gobe za a ce da mai zana abu mai rai ya busa masa rai, ba kuwa zai iya ba. Malam ya yi kwana uku bai taɓa fenti ba. Ya koma ya ce shi ba shi da wata sana’a, kuma idonsa ba ya barinsa. Malamin ya ce, “To raba kai da gangar jiki. Abin da kansa ya rabu da jikinsa ba mai rai ba ne.” Tun daga ranar, kowace dabba in ya gama ta sai ya yi bisimilla, ya ja mata farin layi a wuya, siriri kamar zare. Har na bayan kamiyo. Ko fatawar nan daidai ce ko ba daidai ba, malamai su je su yi ta gardamarsu. Ni dai na san a kanta mijina yake sa kansa a matashi.

Shekara biyu bayan an canza wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin, da damina, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi. Na jawo gadonsa na sa shi yana fuskantar allon.

Sai ga Badarou, delegen unguwarmu, wato wakilin gwamnati. Badarou da na goya ranakun da uwarsa ke zuwa kasuwa, wanda ya sha yi mini fitsari a baya, yanzu ya sa kaki, kowa Kamarad ne a bakinsa. Ranar dai Inna ya kira ni, har da durƙuso. Ya ce bikin juyin juya hali na talatin ga Nuwamba ya matso, manya za su zo rumfar taro, kowace unguwa za ta nuna aikin hannun talakawanta, don haka aron allon Malam ya zo.

“Kwana uku kawai, Inna. Da hannuna zan dawo da shi.”

Na dubi Malam. Ya gyaɗa kai, har na ga kamar ya ji daɗi. Mounkaïla mai amalanke, maƙwabcinmu, shi ya ɗauka.

Kwana uku ya zama wata biyu. In na aika, a ce gobe. Da a nan abin ya tsaya da na yi ta zaginsu a zuci ina jira. Amma wata safiya Mounkaïla ya shigo gaida Malam, shi kuwa bakinsa ba linzami.

“Baba, jiya na kai kujeru rumfa na ga allonka. Wallahi ya yi kyau! Sun gyara maka shi. Duk tsage-tsagen nan na wuya an toshe su, sumul, sai ka ce giwar za ta taka ta fito.”

Ban taɓa jin irin sautin da ya fito daga bakin Malam ba, ko ranar da ya faɗi. Ya ɗaga hannun hagu yana jan yatsa a wuyansa, yana ja, yana ja, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Mounkaïla ya miƙe a tsorace.

“Inna Tabawa, me na ce?”

“Ka faɗi gaskiya. Fita.”

Mutum ne da likita ya ce in ciwon ya sake bugawa ba zai tashi ba. Yana kwance yana ganin kabarinsa, an haɗa masa kawunan dabbobin daji guda da jikinsu, ba shi da hannun da zai raba, ba shi da bakin da zai yi ƙara. Na yafa mayafi, ko goro ban fitar ba ranar.

Na fara biyawa rumfar taro don in gani da idona. Ga allon a rataye. Kowane wuya an shafe shi da fentin gwangwani, yana ƙyalli kamar an goga man shanu. Na wuce biron Badarou, ofishin nan nasa, tsohon shagon tela ne, har yanzu da ƙyallaye a lungu.

“A’a, Kamarad Tabawa!”

“Ranar aro Inna ce, ranar mayarwa Kamarad. Wa ya taɓa wuyan dabbobin Malam?”

Ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya. “Ni na sa Dramane, mai rubuta mana taken bango. Kuma gode mini ya kamata ki yi. Ba ki jin rediyo? Yaƙi ake da tsafi da maita. An sare itatuwa a ƙauyuka, an kwashi tsofaffi. Manya su zo su ga dabbobi an bi su ɗaya bayan ɗaya an yanka, a ce aikin ɗan maharbi ne daga arewa, me kike tsammani za su ce? Asirinku na rufa.”

“Ka tambaye ni?”

“Lokaci ya ƙure.”

“Daga nan zuwa ƙofata taku nawa ne? Kana rarrafe ma ka sha zuwa.”

Na faɗa masa abin da zaren yake nufi, tiryan-tiryan. Na ga abin ya taɓa shi, don ɗan musulmi ne, ko da kakin ya rufe. Amma sai ya gyara hula ya ce waɗannan tunanin mutanen da ne, kuma allon ya zama kayan jama’a, manya sun yaba, ba mai sauke shi.

“Jama’ar ce ta niƙa shunin?”

“Kamarad, ina da aiki.”

Na je wurin dattawan ƙofar masallaci. Ɗaya ya ce in yi haƙuri, zamani ne. Ɗaya ya ce ai zanen ma tun farko bai kamata ba. Na ce ban zo neman fatawa ba, mazan da za su raka ni na zo nema, tunda babu, Allah ya ba ku lafiyar zama a tabarma.

Mamata mai ƙosai ce ta ba ni dabara ba ta sani ba. Tana mita ne a kan taron Asabar da la’asar da ake tilasta wa kowa zuwa, ya hana ta suyar yamma. Ta ce wannan makon ma otokiritik za a yi, wato kowa ya tashi a gaban mutane ya faɗi laifin kansa da bakinsa.

“Kowa?” na ce.

“Kowa. Kuma doka ce, ba a katse mutum sai ya gama. Makon jiya Seydou mahauci ya ce laifinsa yawan barci, aka tafa masa.”

Ranar Asabar na yi wa Malam wanka, na sa masa farar rigarsa ta Juma’a. Na kira Mounkaïla na ce ya shimfiɗa katifa a amalanke.

“Inna Tabawa, kaya nake ɗauka, ba mutane ba.”

“Kai ka kai allon, kai ka kawo labarin. Tura.”

Muka bi ta layin masu ɗinki, yana turawa, ina gefe da laima. Mutane suna fitowa ƙofa suna gaida Malam, wasu suka bi mu. Muna isa rumfa ta cika. Badarou na tsaye gaban tebur, allon na bayansa. Ya ɗaga hannu ya yi kirarin juyin nan nasu na yaren Fon, “Ehuzu!” Jama’a suka amsa, “Dandan!” Sai ya hango amalanke, hannun ya sauko a hankali.

Wani tela ya tashi ya ce laifinsa saɓa alkawari. Aka tafa. Ban bari wani ya riga ni ba.

“Ni Tabawa, ina da laifi uku.”

Badarou ya ce, “Kamarad, yau jerin sunaye muke bi…”

“An ce ba a katsewa,” in ji Mamata daga baya. Aka yi dariya.

“Laifina na farko, na goyi yaro ban koya masa mayar da kayan aro ba. Na biyu, an durƙusa an ce mini Inna, na yarda da gwiwa ban dubi ido ba. Na uku shi ne babba. Mijina ga shi nan kwance, ba baki. Ni ce bakinsa, na yi wata biyu a rufe.”

Ba wanda ya tafa. Na juya na nuna allon, na ba su labarin malamin Kandi, da zaren, da bisimillar da ake yi kafin a ja shi. Na ce duk wanda ke nan ya taɓa hawa kamiyon da Malam ya zana, ya je ya duba wuyan zakin. Wani direba ya ce, “Wallahi akwai! Ni na ɗauka karce ne.” Na ce ba tsafi ba ne, tsoron Allah ne, kuma wanda bai iya bambanta su ba bai kamata a ba shi burushi ba, balle unguwa.

Badarou ya matso kusa da ni, yana murmushi don mutane, yana magana ta cikin haƙora. “Inna, akwai masu kai rahoto a nan. Kina so a kai ki inda ba a dawowa da wuri?”

“A kai ni. A bari dai in gama da wuyan giwa tukuna.”

Sai wani dogo mai fenti a farce ya miƙe daga gefen tebur. Dramane ke nan, mutumin Djougou, ban taɓa magana da shi ba.

“Hajiya, ni ban sani ba. Ce mini aka yi katakon ne ya tsage. To yanzu… ranar goben, wa za a ce ya busa? Shi ko ni?”

Tsohon nan na ƙofar masallaci, wanda ya ce in yi haƙuri, sai yanzu ya sami baki. Ya ce, “Af, ai shi ya bar su a yanke. Wanda ya haɗa kai da jiki shi ya kammala halitta.”

“Har giwar?”

“Har dorina. Sai ka fara tara numfashi.”

Rumfa ta kwashe da dariya, ban da Dramane. Ya dubi allon daga wannan gefe zuwa wancan, ya dubi Badarou. Bai nemi izinin kowa ba, ya hau kujera ya fara kwance igiya. Badarou ya ce a dakata, kwamiti bai zauna ba. Mounkaïla ya ce, “Kamarad, ga kwamiti nan a zaune, duba.” Maza huɗu suka tare allon suka jingina shi da ƙafar tebur, daidai fuskar Malam.

Na zo da farar ƙasa a kwaɓe cikin ƙoƙo, amma Dramane ya girgiza kai. Ya ce launin ƙaro ba ya zama a kan fentin mai, zamewa zai yi, sai dai a kankare. Aka karɓo reza a wurin wanzami. Dramane ya miƙa hannu zai yi, Malam ya buga gefen amalanke. Ya nuna ni.

Na durƙusa. Aka matso da amalanken har ya iya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu. Muka fara da giwa. Fentin Dramane ya kama launin ƙasa ya riƙe, in na kankare sai su taso tare, har farin katako ya bayyana. Abin da yake zare ya zama igiya. Na ji zuciyata na tafasa, aikin shekara goma sha ɗaya ina bi da reza kamar mai fiɗa. Na dubi Malam ko zai ce a bari. Ya matsa hannuna gaba. Bakinsa na motsi, na san bisimilla yake yi, sai na riƙa yi masa a fili.

Ɓauna, gwanki, dorina, kada, barewa uku, gwaggon biri da ɗanta, zabi a jere. Tun ana hayaniya har aka yi tsit, sai ƙarar reza. Mata na kiran sunan dabba in mun zo kanta. A kan zalɓe hannuna ya goce na ɗan ci kafaɗa, Malam ya yi tsaki, tsakin da na sani tun ina amarya. Na ce, “Yi haƙuri, ni mai niƙa ce.”

Da muka kai ƙarshen allo na miƙe, bayana kamar zai tsinke. Na ce da Mounkaïla ya juya amalanke. Malam ya riƙe ƙafar tebur ya ƙi saki.

“Mun gama, Malam. Duba, ba saura.”

Ya girgiza kai, yana nuna ɓauna. Na ce an yi mata. Dramane ya ce an yi mata. Ya ci gaba da nunawa. Na sunkuya har hancina ya kusa taɓa katako. A kan kafaɗar ɓaunar, dab da inda burushin Dramane ya wuce, ga wani ɗan carki, tsuntsun nan mai cin kaska, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da jan bakinsa, wuyansa ba zare. Kullum ni ke goge allon nan da tsumma, ban taɓa sanin yana wurin ba.

Reza ta yi wa wuyan carkin girma. Mamata ta zare allura daga ɗankwalinta. Na karɓa zan yi, Malam ya buɗe tafinsa. Na sa masa allurar tsakanin yatsu, na tallafe gwiwar hannun. Ya daɗe yana saitawa. Sannan ya ja, sau ɗaya, siriri, irin nasa na da. Ya saki allurar ta faɗi ƙasa, ya mayar da kansa kan katifa ya lumshe ido, yana numfashi a hankali kamar wanda ya sauke buhu.

Amalanke ba ya ɗaukar mutum da allo tare. Na ce a fara kai allon, ni da Malam muna nan muna jira, don na san halin kayan da aka bari a rumfar nan. Badarou na tattara takardunsa. Da zai wuce na tare shi.

“Wuyan giwar nan ya lalace, ba kuma mai gyara shi. Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ka san ƙofar.”

Ya ce zai zo. Yau kwana biyar. Dramane ya zo sau biyu, ya zauna a ƙasa yana kallon ƙafar zalɓe, har ya tambaye ni yadda ake niƙa shuni. Badarou kuwa ya koma zagayawa ta layin mahauta don kada ya bi ta gabana. Ya yi ta zagayen. Asabar na zuwa, kuma ban gama faɗin laifuffukana ba.